Mulkin Nijar daga Tawa zuwa Yamai: abin da ɗalibi mai shirin jarrabawa zai riƙe

Bazara ta shigo, kuma duk mai ɗa ko ƙane a ajin ƙarshe na kwaleji ko na lise ya san abin da ake ciki: BEPC da BAC sun matso. Cikin tambayoyin da ƴan makaranta ke kawo mana gidan rediyo akwai guda da ke yawan dawowa. Suna cewa abin da ke rubuce cikin kaye game da mulkin ƙasa daban, abin da suke ji a labarai daban. Kaye ya ce majalisar dokoki ke yin doka, su kuwa ba su ga majalisa na zama ba. Kaye ya ce magajin gari zaɓensa ake yi, ga shi kantoma ne ke riƙe da ƙaramar hukumarsu. To wanne za a rubuta wa mai gyaran takarda?

Duka biyun gaskiya ne, sai dai kowanne da lokacinsa, kuma yaron da bai saka kwanan wata a amsarsa ba shi ke asarar maki. Shi ya sa muka tattara abin wuri guda, domin ɗalibai, da kuma ƴan'uwanmu ƴan bida na Abijan, Legas, Libiya da Amurka, waɗanda su ke aiko kuɗin kaye da na rajista, suna kuma son sanin abin da ake koya wa yaran.

Jamhuriya bakwai, juyin mulki biyar

Ranaku biyu ake fara rikitawa. Ranar 18 ga Disamba 1958 aka kafa Jamhuriyar Nijar, muna nan dai ƙarƙashin inuwar Faransa. Ranar 3 ga Agusta 1960 aka samu ƴancin kai. Ta farko ita ce ranar jamhuriya, ta biyu ranar ƴanci, wadda kuma muke dasa itace a cikinta.

Idan aka ce "jamhuriya ta kaza", ba shugabanni ake ƙirgawa ba, kundin tsarin mulki ake ƙirgawa. Duk lokacin da aka yi sabon kundi, an shiga sabuwar jamhuriya. Ta farko ita ce ta Diori Hamani da jam'iyya ɗaya tak, PPN-RDA, har ranar 15 ga Afrilu 1974 da Seyni Kountché ya kifar da shi. Kountché ya yi mulki ba kundi har ya rasu a Nuwamba 1987. Ali Saibou ya gaje shi, ya kawo jamhuriya ta biyu a 1989, ita ma da jam'iyya ɗaya, MNSD.

A nan ƴan makaranta suka shigo tarihi. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 ɗaliban jami'a suka yi maci a gadar Kennedy ta Yamai, aka buɗe masu wuta, uku suka rasu. Daga nan matsin ƙungiyoyin ƙwadago da na ɗalibai ya yi ƙarfi har aka kira babban taron ƙasa, daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991. Shi ya haifi jamhuriya ta uku, da Mahamane Ousmane a matsayin shugaban da aka fara zaɓa cikin takarar jam'iyyu da yawa, a 1993. Ibrahim Baré Maïnassara ya yi juyin mulki ranar 27 ga Janairu 1996, ya kafa ta huɗu, aka kashe shi ranar 9 ga Afrilu 1999. Daouda Malam Wanké ya riƙe ƙasar wata tara, aka shiga ta biyar da Tandja Mamadou. Ta shida ita ce ta tazarce a 2009, ba ta cika shekara ba, Salou Djibo ya kawar da ita ranar 18 ga Fabrairu 2010. Ta bakwai ta fara da kundin 25 ga Nuwamba 2010. A cikinta Mahamadou Issoufou, haifaffen Dandaji a gundumar Illela, ya yi wa'adi biyu daga 2011, ya miƙa wa Mohamed Bazoum ranar 2 ga Afrilu 2021. Ranar 26 ga Yuli 2023 sojoji suka karɓi mulki, aka dakatar da kundin.

Sunayen nan mun bar su da rubutun da ake yi masu a takardun hukuma, don haka mai gyara ke son ya gan su.

Abin da kundin 2010 ya tsara

Mafi yawan littattafan da ke hannun yara a kan wannan kundi aka rubuta su, don haka sai an san shi, ko da ba ya aiki yanzu. Ya raba iko gida uku: masu zartarwa, masu yin doka, da masu shari'a. Hikimar ita ce wanda ya yi doka kada ya zama shi ke aiwatar da ita, kuma shi ke yanke hukunci idan an saɓa mata. Ko a kasuwar dabbobi ba a son dillali ya zama shi ne mai saye kuma shi ne shaida.

Shugaban ƙasa jama'a ke zaɓensa kai tsaye, shekara 5, ana iya sabuntawa sau ɗaya kawai, kuma kundin ya hana a taɓa wannan ƙa'ida ko da ana yi masa gyara. Darasin tazarce ne ya sa aka ɗaure ta haka. Ɗan takara sai ya kai shekara 35. Idan ba wanda ya haura rabin ƙuri'u a zagayen farko, biyun da ke gaba su je zagaye na biyu. Hukumar CENI ke shirya zaɓe, kotun tsarin mulki ke tabbatar da sakamakon ƙarshe.

Majalisar dokoki zaure ɗaya ce, ba mu da ta dattawa. Kujerunta 113 ne a zaɓen 2011, suka koma 171 daga 2016. Cikinsu akwai 8 na mazaɓu na musamman, da aka ware don ƙananan al'ummomi kada yawan wasu ya shafe su, kuma ɗaya daga ciki a jaharmu take, wato Tasara. An kuma ware 5 domin ƴan Nijar mazauna ƙetare. Aikin majalisa yin doka, amincewa da kasafin kuɗi da haraji, da sa ido kan gwamnati.

Wurin da ya fi ba yara wuya shi ne matsayin faraminista, kuma nan ya kamata a daɗe. Tsarinmu na 2010 ana ce masa rabi na shugaban ƙasa rabi na majalisa, irin na Faransa. Ikon zartarwa kai biyu gare shi. Shugaba ke naɗa faraminista, amma faraminista da ministocinsa a gaban majalisa suke amsa tambaya, kuma majalisa na iya tuɓe su da ƙuri'ar yanke ƙauna. Shi ma shugaba yana da nasa makamin: yana iya rusa majalisa a koma zaɓe. Kowa na riƙe da igiyar wani.

Tarihinmu ya ba da misalan da suka fi kowane littafi. A Satumba 1994 Issoufou ya ajiye muƙamin faraminista, jam'iyyarsa ta fice daga ƙawancen da ke mulki, Mahamane Ousmane ya rasa rinjaye. Ya rusa majalisa, aka sake zaɓe a Janairu 1995, ƴan adawa suka ci. Dole ya karɓi Hama Amadou a matsayin faraminista, Issoufou kuma ya zama shugaban majalisa. Aka shiga zaman ƴan marina, kowa da inda ya sa gaba: ko taron ministoci sai an yi gardamar wa zai kira shi da abin da za a tattauna. Kusan shekara guda ana haka, sojoji suka fake da rikicin suka shigo. Ƙuri'ar yanke ƙauna kuwa mun ga aikinta ranar 31 ga Mayu 2007, da majalisa ta kayar da gwamnatin Hama Amadou, alhali jam'iyyarsa ce ke mulki.

Kotun tsarin mulki alƙalai 7 gare ta, wa'adin shekara 6 da ba a sabuntawa. Nauyinta ya fito fili a 2009, ƙarƙashin jamhuriya ta biyar, lokacin da kotun wancan zamani, wadda Salifou Fatimata Bazèye ke shugabanta, ta ce ƙuri'ar raba gardamar tazarce ta saɓa wa kundi. Tandja ya rusa majalisa a Mayu, ya rusa kotun a Yuni, ya yi ƙuri'arsa ranar 4 ga Agusta. Ɗalibin da aka tambaya amfanin raba iko, ya kawo wannan misali da kwanakinsa, ya gama da mai gyara lafiya.

Daga 26 ga Yuli 2023 zuwa yau

Majalisar soja ta CNSP, ƙarƙashin Janar Abdourahamane Tiani, ta haɗa ikon zartarwa da na yin doka a hannunta, tana mulki da umurnin doka. A Agusta 2023 aka naɗa Ali Mahaman Lamine Zeine faraminista. An kafa Kotun Ƙasa a madadin manyan kotuna biyu na da. A Afrilu 2024 aka rusa majalisun ƙananan hukumomi, na birane da na jahohi, aka naɗa kantomomi. A Fabrairu 2025 aka yi babban zaman ƙasa a Yamai, kuma ranar 26 ga Maris 2025 aka ƙaddamar da kundin sake gina ƙasa: Janar Tiani ya yi rantsuwa a matsayin shugaban ƙasa na shekara 5, wa'adin da ake iya sauyawa gwargwadon halin tsaro, aka kuma rusa jam'iyyun siyasa. Akwai majalisar shawara da ta fara zama a 2025. Naɗa ƴaƴanta aka yi, kuma shawara take bayarwa, don haka kada a kira ta majalisar dokoki a takardar jarrabawa.

Kundin 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Mun ji daɗin hakan a nan gidan, ba sai an faɗa ba, amma fa jarrabawa da Faransanci ake rubuta ta har yanzu, kada wani ya saki jiki.

Ta fuskar waje, Nijar da Mali da Burkina Faso sun kafa ƙawancen AES ranar 16 ga Satumba 2023, suka mayar da shi tarayyar ƙasashe a taron Yamai na 6 ga Yuli 2024. Ficewarsu daga CEDEAO ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025.

Wani tarko ƙarami: taken ƙasa. An sauya shi daga La Nigérienne zuwa L'Honneur de la Patrie a Yuni 2023, wato kafin juyin mulki, kuma majalisar dokoki ce ta amince da sauyin. Yara da dama na ɗauka aikin sojoji ne. Tuta dai tana nan yadda take, ruwan goro a sama, fari a tsakiya da da'irar rana, tsanwa a ƙasa.

Yadda abin ke saukowa Adar

Nijar jaha 8 ce, har da Yamai. A 2011 gundumomi suka tashi daga 36 zuwa 63, a lokacin ne Bagarwa, Malbaza, Tasara da Tiliya suka samu nasu. Jahar Tawa na da 12 ke nan: waɗannan huɗu, da Abalak, Birnin Ƙonni, Buza, Cintabaradan, Illela, Kaita, Madawa da Tawa. Ƙidayar 2012 ta ba jahar mutum miliyan 3 da dubu 300 da ɗoriya. Birnin Tawa kansa ba ya ƙarƙashin gundumar Tawa, yana cikin birane huɗu masu matsayi na musamman tare da Yamai, Maraɗi da Damagaram, kuma an raba shi da'ira biyu. Gundumar Tawa ita ce ƙananan hukumomin karkara shida da ke kewaye: Afala, Bambai, Barmu, Kalfu, Takanamat da Tabaram.

Layi biyu ne ke saukowa daga sama, kuma rarrabe su shi ne rabin darasin. Layin farko na wakilan gwamnati ne: gwamna a jaha, parefe a gunduma. Naɗa su ake yi daga Yamai, daga can kuma ake sauke su. Layi na biyu na zaɓaɓɓu ne: majalisar jaha da majalisar ƙaramar hukuma. Zaɓen ƙananan hukumomi na farko da ya kafa wannan tsari a duk faɗin ƙasa an yi shi a Yuli 2004, na ƙarshe ranar 13 ga Disamba 2020. A lura, jama'a ba su zaɓen magajin gari kai tsaye. Kansiloli ake zaɓa bisa jerin jam'iyya, su kuma su fitar da magaji daga cikinsu. Wannan layi na biyu shi ne aka ɗage a 2024. Ayyukan dai ba su sauya ba: takardar haihuwa, harajin kasuwa, tsabtar gari, rijiyoyi da azuzuwan firamare, duk a ofishin ƙaramar hukuma suke.

Sai sarakunan gargajiya, waɗanda littafi kan wuce su da layi biyu, alhali su talaka ya fi gani. A Nijar doka ta saka su cikin tsarin hukuma. Akwai sarkin kanto a yankin mazauna, kamar Sarkin Adar na Illela ko sarakunan Kaita da Tamaske, akwai shugaban rukuni a wajen makiyaya Abzinawa, Fulani da Larabawa, a ƙarƙashinsu kuma masu gari da shugabannin zuriya. Suna karɓar haraji, kafin a rusa majalisun a 2024 kuma suna zama a majalisar ƙaramar hukuma su ba da shawara ba tare da ƙuri'a ba. Babban aikinsu sulhu ne. Idan shanu suka shiga gona a Barmu, ko aka yi gardamar iyaka a fadamar Kaita, wurin mai gari ake farawa, sai sarki. In an shirya a rubuta takardar sulhu, in ba a shirya ba a rubuta cewa ba a shirya ba, sannan magana ta tafi gaban alƙali. Sarki na sasantawa, alƙali ke yanke hukunci. Akwai babbar kotu a Tawa da Ƙonni, akwai kuma kotun ɗaukaka ƙara a Tawa.

Doka guda da ta shafe mu fiye da kowa ita ce ta 26 ga Mayu 1961, wadda ta shata iyakar noma ta arewa. Abin da ke sama da layin filin kiwo ne, kuma dokar kiwo ta 2010 ta sake tabbatar da shi. Wanda ya bi hanyar Abalak ya san gonaki sun daɗe da tsallake wannan layi, kuma rigingimu da yawa tsakanin manoma da makiyaya daga nan suke tasowa. A ganinmu misali ne mai kyau ga ɗan lise da aka ce ya bambanta doka a rubuce da doka a aikace. Mai son zurfafawa kan asalin sarautun yankin ya nemi aikin masanin tarihi Djibo Hamani a kan Adar, wanda jami'ar Tawa ke ɗauke da sunansa.

A gwada da Amurka

Ƴan ajin ƙarshe na haɗuwa da Amurka a darasin tarihi da labarin ƙasa, kuma hanya mafi sauƙi ta riƙe tsarinta ita ce a jera shi da namu. Kundinsu an rubuta shi a 1787 a birnin Filadelfiya, shi ne ke aiki har yau, an yi masa gyara sau 27. Mu a shekara 50 mun yi bakwai.

Nijar ƙasa ce dunƙulalliya, doka ɗaya daga Ƙonni har Bilma. Amurka tarayya ce ta jihohi 50, kowace da gwamnan da jama'arta suka zaɓa, da majalisarta, da kotunanta, da dokokinta. Shi ya sa ɗan'uwa da ke tuƙin tasi a New York zai gaya maku lasisinsa na jiha ne, kuma abin da aka halatta a wata jiha yana iya zama laifi a maƙwabciyarta. Ba sai mun je nesa ba ma: Nijeriya ta ɗauki irin wannan tsari tun 1979. Gwamnan Sakkwato da ƙuri'a yake hawa, gwamnan Tawa da takardar naɗi.

Ba su da faraminista. Shugaba shi kaɗai ne kan zartarwa, shekara 4, sau biyu kawai, ƙa'idar da aka saka cikin kundi a 1951. Ba ya iya rusa majalisa, majalisa ma ba ta iya kayar da shi don kawai ba ta son siyasarsa. Sai dai a tuhume shi da babban laifi: majalisar wakilai ta kai ƙara, ta dattawa ta yi shari'a, kuma sai kashi biyu cikin uku sun yarda. Majalisar zaure biyu ce. Wakilai 435 ne, ana raba su bisa yawan jama'ar jiha, wa'adinsu shekara 2. Dattawa 100 ne, biyu daga kowace jiha komai ƙanƙantarta, shekara 6. Shugaba na iya ƙin sa hannu a doka, amma in kashi biyu cikin uku na kowane zaure suka dage, dokar ta wuce. Ministoci da manyan alƙalan da ya zaɓa sai dattawa sun amince da su. Kotun ƙoli alƙalai 9 ce, kuma ba su da wa'adi, sai mutuwa ko murabus, saɓanin shekara 6 na kotunmu.

Zaɓen shugaba shi ne ya fi ɗaure kai. Ana jefa ƙuri'a a farkon Nuwamba, amma wakilan zaɓe 538 ne ke naɗa shugaba, kuma mai nasara sai ya samu 270. Kowace jiha na da wakilai daidai da yawan ƴan majalisarta na zaure biyu, babban birnin Washington kuma na da 3. A kusan dukan jihohi, wanda ya zo na ɗaya ko da ratar ƙuri'a kaɗan ce shi ke kwashe wakilan jihar gaba ɗaya. Ta haka mutum kan fi yawan ƙuri'un jama'a ya faɗi. A 2016 Hillary Clinton ta fi Donald Trump da ƙuri'a kusan miliyan 3, shi kuma ya fi ta wakilai, shi ya yi rantsuwa ranar 20 ga Janairu 2017. A tsarinmu na 2010 hakan ba ta yiwuwa, don ƙuri'ar mutumin Takanamat da ta mutumin Yamai kwando ɗaya ake zuba su a ƙirga.

Ga masu shiga ɗakin jarrabawa: a duba lokacin da tambaya ta ambata kafin a ɗora biro. In ta ce jamhuriya ta bakwai, a yi bayanin kundin 2010, a nuna an dakatar da shi a 2023. In ta ce hukumomin yanzu, a kawo kundin 26 ga Maris 2025. In ba ta fayyace ba, a kawo na farko, a bi shi da layi biyu ko uku kan abin da ya sauya, kowanne da shekararsa. Wanda kayensa na wani yaya ne da ya gama tun kafin 2023, ya kai wa mushensa ya duba masa shafin hukumomi kafin ya hardace shi.